Tarkon Satar Gida na Kawu Saidalavi

Kwana goma sha ɗaya da dawowata daga Dammam, Umma ta gaji da ni. Shekara bakwai na yi can ina jera gwangwanaye a kanti, ina mafarkin ranar da zan dawo garinmu Kallingal in miƙe ƙafa a baranda. To ga ni ga barandar, zama ya gagara. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa rijiya, in ƙirga kwakwar da ke bisa bishiya, in dawo in sake ƙirgawa ko an samu ƙari.

"Kai Jamshir, wai cinnaka ne ya shige maka zani?" in ji Umma. "Fita ka je wurin Moidu ka sha shayi, ka bar min daɓen gidana ya huta."

Rumfar Moidu mai shayi tana nan yadda na bar ta, talabijin ce kawai ta ƙara faɗi. Maganar ma ita ce dai wadda na bari: Taurarin Kallingal, ƙungiyarmu ta ƙwallo. Shekara uku a jere ana fitar da mu a wasan farko na gasar 'yan bakwai-bakwai da ake yi a gonar shinkafa bayan girbi, kuma bana ƙuri'a ta haɗa mu da 'yan Puzhakkara na ƙetaren kogi, mutanen da ko tseren agwagwa suka ci mu sai sun yi wata guda suna kiɗa.

"Unni ne matsalar," wani yake cewa. "In ƙwallo ta shiga ƙafarsa sai ka ce gadon ubansa aka ba shi."

"Ka bar Unni! 'Yan gaba fa? Wancan yaron ko raga aka kai masa ɗakin kwana sai ya buga waje."

"Gola ma babu. Ya tafi Dubai."

"Gara da ya tafi. Da yana nan ma babu gola."

Velayudhan mai aski yana gefe yana hura shayinsa. Shi ne kocinmu shekara goma sha tara, usur ɗinsa na ƙarfe rataye a wuya ko yana aski. Dabararsa duka ba ta wuce kalma shida ba: a buga gaba, a gudu, a dawo.

Ana cikin haka Kawu Saidalavi ya shigo, gashin bakinsa a gaba, shi a baya.

Yayan Umma ne, mai shagon fenti da ƙusa a bakin titi. Gashin bakin nan shekararsa ashirin da shida, kullum safe sai an shafa masa man kwakwa an murɗe bakin biyu sun kalli sama. Har a allon shagonsa an zana shi, ba fuskar Kawu ba, gashin bakin kawai. Kawu bai taɓa taka ƙwallo ba tun da aka haife shi, bai kuma taɓa zuwa kallon gasar garinmu ba, wai wannan ba ƙwallo ba ce, kokawar manoma ce. Shi ƙwallon Turai yake kallo, kuma babu kocin da ke Turai da Kawu bai kora daga aiki ba daga kan bencin Moidu.

"Duk kun yi surutun banza," ya ce, yana zama. "Ba 'yan wasa ne matsalarku ba. Ba ku da ilimi. Moidu, miƙo kofuna bakwai."

Ya jera kofunan shayi a tebur. Ya ɗauko soyayyiyar ayaba uku daga faranti, ya ce su ne 'yan gaban Puzhakkara.

"Ku buɗe kunne. 'Yan bayanmu uku su tsaya a layi ɗaya, miƙaƙƙe kamar zaren magini. Da zarar an zo miƙo wa ɗan gabansu ƙwallo, sai su tako gaba tare, taku uku. Shi kuma ya rage shi kaɗai a bayansu. Me ya faru? Satar gida. Alƙali ya hura. Su sake zuwa, a sake hurawa. Kafin a tashi sun haukace. Sunan wannan tarkon satar gida."

Moidu ya tsaya da butar shayi a sama.

Velayudhan ya ajiye kofinsa a hankali. Tare suka yi firamare da Kawu, shi kaɗai ne a garin ke kiran sunansa gatsal, sauran duk ikka suke ce masa, yadda ake kiran yaya.

"Saidalavi, babu satar gida a wasan 'yan bakwai."

"Wa ya ce?"

"Kowa. Tun kafin a haifi yaran nan."

"A rubuce?"

"Wane rubutu kuma? Haka ake yi."

Kawu ya yi dariya har bakin gashin ya taɓa kumatunsa. "Kun ji ko? Haka ake yi! Doka ta goma sha ɗaya ce fa a littafin ƙwallon duniya. Ba soke ta aka yi ba, barci take, don ba wanda ya taɓa tashinta. Alƙalan nan naku ba su taɓa ganin satar gida mai tsabta ba, me za su hura? Ranar da suka ga layi miƙaƙƙe, ga hannaye a sama, kunya ma za ta sa su hura."

"In ba su hura ba fa?"

"In ba mu ci Puzhakkara ba," Kawu ya miƙe tsaye, ya dafa gashin bakinsa, "ka kawo kujerarka tsakiyar fili ka aske wannan, a gaban jama'a. In mun ci, ka cire usur ɗin nan ka jefa a kogi, kada ka ƙara cewa komai kan ƙwallo har ka mutu."

"Shaidu?" in ji Velayudhan.

Hannaye goma sha huɗu suka tashi. Kawu ya juya zai ci gaba da darasi, ya tarar da 'yan gaban Puzhakkara babu ko ɗaya a tebur. Unni, kaftin ɗinmu, yana tauna.

"Ikka, ai na ga sun yi satar gida ne," ya ce.

Kwamitin ƙungiya bai ɗauki minti goma ba ya miƙa wa Kawu ragama. Dalili biyu ne: an gaji da shan kashi, kuma ɗakin taron ƙungiyar a saman shagonsa yake. Ni kuma aka naɗa ni gola, saboda na riga na baza a gari cewa na tsare raga a wata gasa a Dammam. Gasar dai ta ranar Juma'a ce a filin ajiye motoci na bayan kanti, ragar kuma kwalayen madara biyu ne. Ban ga amfanin faɗin wannan ɓangaren ba.

Na same shi a shago da yamma.

"Kawu, da gaske fa babu satar gida. Ni na buga wasan nan tun ina makaranta."

"Shi ya sa ka ƙare a jera gwangwani. Ɗauko min igiyar can."

Igiyar kwakwa ce mai kauri, irin ta ɗaure jirgin ruwa. Washegari a gonar atisaye ya ɗaure 'yan bayanmu uku da ita a ƙugu: Unni a tsakiya, Shihab direban adaidaita a dama, wani dogo mai hawan bishiyar kwakwa a hagu. Wai don jikinsu ya koyi layi. Ya hau kan kunyar gona, ya naɗe zaninsa, irin wanda mazan garinmu ke ɗaurawa, zuwa gwiwa, ya ce in ya yi ihu "Tarko!" su tako gaba.

"Tarko!"

Unni ya tako gaba. Shihab, da yake shekara goma ana koya masa komawa baya in an kawo hari, ya koma baya. Dogon bai ji ba, yana kallon wata bishiya. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara, su ukun suka haɗu a tsakiya goshi da goshi, suka gangara tare cikin magudanar ruwan gona. Agwagin da ke ciki suka tashi suna zage-zage.

"Madalla!" in ji Kawu. "Kun ga? Tare kuka faɗi. Jiya da ɗaya ne zai faɗi. Ci gaba ke nan."

Velayudhan ya kawo kujerarsa ta aski ya kafa ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin gonar, wai iskar can ta fi daɗi. Kullum yana nan yana wasa askarsa a jikin fata, shuu, shuu.

A rana ta huɗu aka shiga darasin ɗaga hannu. Kawu ya ce tarko ba ya cika sai da shi: ana takowa gaba, kowa ya ɗaga hannun dama sama, ya kalli alƙali da fuskar wanda aka zalunta. Har fuskar sai da muka yi atisayenta. Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne gonar a bakin titi take. "Tarko!" Mutum shida suka ɗaga hannu a tare, bas ɗin da ke zuwa garin Manjeri ta ja birki ƙiiii, ta tsaya. Kwandasta ya leƙo.

"Ku shigo mana!"

"Ba tafiya za mu yi ba."

"To uban me kuka tsayar da mu?"

Sau uku aka yi haka a yini ɗaya. Daga ranar direban ya daina tsayawa a Kallingal ko wa ya ɗaga hannu. Tsofaffi masu zuwa asibiti suka koma takawa har mahaɗar gaba. Wata tsohuwa ta zo har shago ta tambayi Kawu ko tarkon nasa na kama bas ne ko na korar ta.

Amma babbar fitinar a gida take. Matarsa, Inna Nabisa, ba ta ji labarin rantsuwar ba sai a bakin mai kawo madara. Ina gidan ina cin burodi da miyar kifi ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Kai! Kwana nawa ne tsakanin wasan nan da bikin Shahana?"

Shahana 'yarsu ce ta fari. Kawu ya yi kamar yana karanta jarida.

"Tara."

"Tara! Ka ba mai hoto aiki, ka gayyato mutum ɗari takwas, surukai za su zo daga birnin Kozhikode, kai kuma ka je ka ɗora fuskarka a kan ƙwallo? Ni ban taɓa ganin leɓenka na sama ba tun da na aure ka. Wa ya san abin da ke ƙarƙashi?"

"Nabisa, ilimi ba ya faɗuwa."

"Ilimi ba ya faɗuwa, kai kana faɗuwa. Ranar da ka ce za ka gyara famfo da kanka, kwana nawa muka yi muna wanka a gidan maƙwabta?"

"Wannan aikin ruwa ne. Wannan kuma lissafi."

Ta juyo kaina. "Kai kuma da ka zauna kana cika baki da kifina, kai ne golan ko? In ka bari aka aske shi, kada ka tako bikin nan."

Na ture farantin kifin gefe.

Ana jibi wasa Kawu ya aika wa alƙalin wasa littafin dokokin ƙwallo har gida, ya ja jan layi ƙarƙashin doka ta goma sha ɗaya, ya haɗa da kankana guda. Kwamitin gasa suka ji labari suka ce cin hanci ne, sai da aka dawo da kankanar. Littafin ma aka dawo da shi. Ana gobe kuma ya sa Shihab ya ɗaura lasifika a adaidaitarsa, suka zaga ƙauyuka biyar har da ƙetaren kogi: "Jama'a! Gobe bayan La'asar! Ku zo ku ga ƙwallon Turai a gonar Kallingal! Farfesa Saidalavi zai ɗana tarkon da ba a taɓa gani ba!" Wato ko da akwai ɗan Puzhakkara guda da bai san shirinmu ba, Kawu ya kai masa har ƙofar gida.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Benayen gora da aka kafa kewaye da filin suka cika har suna kuka. Masu gyaɗa da masu ruwan lemo suka sayar da komai kafin a fara. Mata suka cika gefe guda, Inna Nabisa a gaba, ta harɗe hannu. Velayudhan ya jawo kujerarsa har bakin layi, da kwanon ruwa da sabulu da farin tawul, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Kawu ya fito da kwat. Kwat, a zafin watan Maris, a yankinmu na Malappuram. Da yake a gasarmu ba a damu da masu tuta ba, ya zo da tasa: jan gyale ɗaure a bakin lema.

Na dubi jerin 'yan Puzhakkara, na sake dubawa. Ɗan gabansu mai gudu, wanda muka yi sati biyu muna shiri dominsa, yana benci yana cin gyaɗa. A madadinsa sun sa Biran mai kifi. Biran shekararsa arba'in da huɗu, tumbinsa ya fi ƙwallon girma sau uku, rabonsa da gudu tun ranar da kare ya bi shi da kwandon kifi. Ana hura usur ya tako a hankali, ya wuce 'yan tsakiya, ya wuce 'yan bayanmu yana gaishe su, ya zo ya jingina da turken ragata.

"Jamshir! Yaushe a gari? Ka yi ƙiba fa. Ya Umma?"

"Biran-ikka, me kake yi a nan?"

"Aka ce in tsaya nan. Akwai inuwa kuwa. Dammam da zafi sosai ko? An ce har ƙwai ake soyawa a kan mota."

"Tarko!" Muryar Kawu ta tsaga filin.

'Yan bayanmu uku suka tako gaba, kuma wallahi sai na yaba musu: layi ne miƙaƙƙe, ko magini sai haka. Hannaye suka tashi tare. Fuskokin zalunci suka juya ga alƙali. Kawu ya ɗaga lema. Ƙwallo kuma ta bi ta saman kawunansu, ta faɗo gaban Biran, ta yi tsalle biyu.

"Yi haƙuri, ɗana," ya ce, ya tura ta kusurwa da gefen ƙafa.

Alƙali ya nuna tsakiyar fili. Minti na uku.

"Bai gani ba ne!" Kawu yana ihu. "Rana ce a idonsa! Ku ci gaba!"

Muka ci gaba. A ta biyu Biran ya tambaye ni nawa ake sayar da kifi a Dammam kafin ya buga. A ta uku na fito na tare shi, ya juya min baya kawai, na yi karo da shi kamar na yi karo da buhun shinkafa, ƙwallo ta gangara da kanta. Kafin nan 'yan kallon Puzhakkara sun gane kiɗan. Da Kawu ya buɗe baki sai su riga shi: "Tarkooo!" Mutum dubu su ɗaga hannu a tare su yi fuskar tausayi. Mai sharhi a lasifika ya ce, "Jama'a, 'yan ajin Kallingal suna neman izinin malam za su zaga bayan gida." Har alƙali sai da ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Aka tafi hutu huɗu da nema.

Muka taru a inuwa muna haki. Unni ya tsuguna gaban Kawu kamar mai neman gafara.

"Ikka, don girman Allah, bari mutum ɗaya ya tsaya kan Biran. Mutum ɗaya tak. Ba ya ko motsi."

"In mutum ɗaya ya koma baya layi ya karye. So kake a ce tsarina ne bai yi ba?"

"To me za a ce yanzu?"

"Ni na ga inda matsalar take. Alƙalin gajere ne, hannu ɗaya ba ya isarsa. Daga yanzu hannu biyu."

"Kawu," na ce, "gashin bakinka fa. Bikin Shahana fa."

"Kai ka yi shiru. Gola mai hira da abokin gaba! Har ina jin ku kuna zancen farashin kifi."

Minti shida da dawowa Puzhakkara suka samu bugun kwana. Dole kowa ya dawo gaban raga, har layin Kawu. Aka bugo ƙwallo sama. Can daga benayen gora wani ɗan iska ya ƙwala "Tarkooo!" da murya irin ta Kawu sak. Jikin da aka yi sati biyu ana horarwa ba ya tambayar wa ya yi kira. Shihab ya ɗaga hannu biyu sama, ƙwallo ta zo ta zauna a tsakaninsu, ya cafe ta kyakkyawar cafka, wadda ni gola ban yi irinta ba duk yinin.

Firrrr!

Kawu ya yi tsalle. "Ya hura! Ya hura! Allahu Akbar!" Ya ruga cikin fili yana kaɗa lema, kwat na tashi a bayansa, ya durƙusa a tsakiya ya ɗaga hannu sama. "Na faɗa muku! Dokar ta farka! Velayudhan, ina kake? Kawo usur ɗin!"

"Ikka," in ji alƙali, "fanareti ne."

"Na wa?"

"Na Puzhakkara. Yaronka ya kama ƙwallo da hannu. Ga ta can ma har yanzu bai sake ta ba."

Shihab ya dubi abin da ke hannunsa, ya ajiye a ƙasa a hankali kamar ƙwai.

Nan Kawu ya zaro littafin daga aljihun kwat, ya buɗe wurin jan layin, ya kai shi har hancin alƙali. Kowa a filin na son ji. Mai sharhi ma ya sauko da makirufo ya miƙa tsakaninsu, don kada wani ya yi asara.

"Karanta! Doka ta goma sha ɗaya! Ko ba ka iya karatu ba?"

Alƙalin malamin lissafi ne a wata sakandare, mutum mai sanyin murya. Ya karɓi littafin, ya koma baya 'yan shafuka.

"Ikka, karanta min nan. 'Yan wasa nawa littafin ya ce kowane gefe?"

"Goma sha ɗaya."

"Ƙirga naka."

Kawu ya juya. Kuma abin da ba zan manta ba, sai da ya ƙirga ɗin, da yatsa, leɓensa na motsi.

"Bakwai."

"To littafin na wasu mutane ne. In ka samo huɗun da suka rage, ka zo mu yi magana."

Benayen gora suka girgiza har na ji tsoron za su rushe. Kawu na tsaye baki buɗe, sai ga Inna Nabisa ta ratso fili, ba ta kalli kowa ba. Ta fizge lemar, ta kwance gyalen.

"Sabon gyalena na biki! Kwana uku ina nema, har na zargi 'yar aiki!"

Ta maƙa masa lemar a ƙirji ta juya. 'Yan Puzhakkara suka tafa mata har ta zauna.

Biran ya buga fanaretin. Kafin ya buga ya nuna min kusurwar da zai saka, don kada in wahala. Ban yarda da shi ba, na faɗi ɗaya gefen. Gaskiya ya faɗa.

Daga nan ba wanda ya ƙara sauraren Kawu. Unni ya kalli bakin layi, Velayudhan ya ɗaga yatsa ya nuna gaba, ya nuna baya. A buga, a gudu, a dawo. Dogon mai hawan kwakwa ya je ya tsaya jikin Biran, Biran bai ƙara taɓa ƙwallo ba, suka ƙare wasan suna hirar kuɗin taki. Muka rama biyu. Aka tashi biyar da biyu.

Ba wanda ya tafi gida. Mutum huɗu suka ɗauko kujerar aski suka dasa a tsakiyar fili. Na hango Kawu yana sulalewa ta bayan mai gyaɗa, sai shaidun nan goma sha huɗu suka tare hanya, Moidu a gaba.

"Ikka, ina zuwa? Shayinka na jira, amma bayan aski."

Aka zaunar da shi. Velayudhan ya yafa masa tawul, ya ɗaure a wuya, ya kaɗa sabulu ba gaggawa.

"Velayudhan," Kawu ya yi ƙasa da murya, amma makirufo na kusa, "mun yi aji ɗaya fa. Na taɓa ba ka amsar jarrabawa."

"Na tuna. Tare muka faɗi."

"A ɗaga zuwa bayan biki. Kwana tara kawai."

"Da ku kuka ci, kwana nawa za ka ba usur ɗina?"

Kawu ya runtse ido. Aska ta sauka a gefen hagu, shekara ashirin da shida suka zubo kan tawul. Da Velayudhan ya zagayo gefen dama, sai hannun Kawu ya tashi sama da kansa, ko roƙo ne ko sabo, Allah masani.

"Sauke hannunka, Saidalavi," in ji Velayudhan. "Nan ma ba a hurawa."

Abin da ke ƙarƙashin, da ya bayyana, ɗan siririn leɓe ne fari fat, kamar na yaron da aka kama yana satar mangwaro. Inna Nabisa ta matso ta duba shi da kyau, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe da dalili," ta ce.

Washegari na tarar da shi a rumfar Moidu, ya rufe baki da hankici, ya jera kofuna bakwai. Yana bayani cewa tsarin bai faɗi ba, ba a ba shi golan da ya dace ba ne. Na zauna na saurara har ƙarshe. Abin mamaki, karo na farko ke nan tun dawowata da na yi awa biyu a wuri ɗaya ban miƙe ba. Da yamma Velayudhan ya aiko a ce min atisaye ranar Litinin, in kuma na ƙara amsa gaisuwar ɗan gaba a cikin wasa, girata zai aske.

Bikin Shahana ya yi kyau. Ni ta ƙofar baya na shiga, na ci shinkafata ta biriyani a tsaye kusa da masu girki, inda Inna Nabisa ba za ta gan ni ba. Da kundin hotuna ya iso bayan wata guda, aka kawo shi rumfar Moidu ana miƙa wa juna. Hoto ɗari biyu da wani abu. Da surukai, da liman, da amarya, da ango, a kowanne Kawu na tsaye cikin kwat, hannunsa na dama a kan bakinsa.

Velayudhan ya sa tabarau, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya rufe.

"To, alhamdu lillahi, kamar yadda ku Musulmi kuke cewa," ya ce. "Atisayen bai tafi a banza ba. Ko hoto ɗaya hannun bai makara ba."